Karar da Baba Ya Yi da Karatuna

Ni ɗan marina ne. A Haɗeja aka haife ni, kuma tun ban san damana da haguna ba farcena ya yi baƙi da shuni. Mahaifina shi ne Sarkin Marina na unguwarmu. Kada ka ji sarki ka ɗauka wani abu ne. Sarautar ba kakaki ba dogari. In marina biyu suka yi cacar baki a kan toka shi zai raba su, in baƙo ya zo karofi, wato filin da ramukan rininmu suke, shi zai tarbe shi. Dogo ne, mai sanyin murya. Bai taɓa ɗaga hannu ya doke ni ba. Bai kuma taɓa kiran sunana ba, saboda ni ne ɗansa na fari.

Haka al'adar take a wajenmu. Uba yana kunyar ɗan fari: ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya san da zamansa a gaban mutane. In Baba yana son in ɗebo ruwa sai ya dubi ramin ya ce, "Ruwan nan ya yi ƙasa." Ni kuma in tashi. Mahaifiyata ma haka, shi ya sa a ɗakin kakata na girma. Ban ga aibin abin ba a lokacin, don duk ɗan farin da na sani haka ake yi masa. Baffana, ƙanen Baba, shi ya kai ni makarantar boko, shi yake zuwa in an kira iyaye, har na gama aji bakwai na dawo karofi.

Abin da ya shiga kaina kuwa zaren ulu ne. A unguwarmu akwai Barebari masu ɗinkin hula, kuma ulu mai launi da suke saya a kanti daga ƙasar waje ake kawo shi, da tsadar tsiya. Farin ya fi araha. Wani tsoho daga cikinsu ya kawo mana fari ya ce a rina masa. Muka tsoma shi a rami kamar yadda muke yi wa zaren auduga. Ya fito shuɗi shar, gwanin sha'awa, amma da ya bushe sai ya yi kaushi, ana sa shi a allura yana tsinkewa. Dattawan karofi suka ce ai ulu ba ya son rini, haka Allah ya yi shi. Maganar ta ba ni haushi. In ba ya son rini, to ja da kore na kanti aljanu ne suka rina su?

Sai na binne wata tsohuwar randa a bayan ɗakin Kaka na mai da ita ƙaramin ramina. Na rage toka, na ƙara, na canza ruwa, na gwada ɗauraye zaren da ruwan tsamiya. Da makiyaya suka ratso ta Guri daga gabas da wasu tumaki masu curarren gashi, na bi su na roƙi a aske min. Kaka ce ta kaɗa min shi, tana kaɗi tana mita, wai na sa ɗakinta warin rago. Wani lokaci zaren ya fito da laushi da ƙwari, in yi ta murna. In sake yin daidai abin da na yi jiya, ya fito a ruɓe. Ban san dalili ba, kuma duk garin babu wanda zan tambaya. Wannan rashin sanin ya fi komai cina.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru, lokacin da ake ta buɗe manyan masaƙu a Kaduna, wani malami ya zo daga wata makarantar koyon sana'a ta can. Ya zauna da dattawan marina da na masaƙa ya ce masu masaƙun sun yarda su ɗauki nauyin karatun saurayi ɗaya daga garinmu. Zai koyi zare da sinadaran rini, akwai ma ɗaki guda na gwaje-gwaje, in ya gama ya dawo ya koya wa mutanensa. Abinci da wurin kwana da kuɗin jirgi kuma, wannan namu ne, masu sana'a su haɗa. Sharaɗinsa ɗaya: mu za mu zaɓi yaron da kanmu. Ya ce zai dawo ƙarshen damina ya ji wanda aka tsayar.

Wallahi ban taɓa ganin mutanenmu sun haɗa kai irin na wannan shekarar ba. Aka kafa asusu. Duk ranar kasuwa masaƙi ya ba da ƙyallen saƙa, marini ya ba da ladan rinin zane guda, mata su aiko da curin zare, a sayar a tara. Babu wanda ya tsaya tambayar don wa ake yi, kowa ya sani. In na wuce mabuga sai masu bugu su tsai da aiki su ce, "Ga injiniyan ulu nan! In ka zama Bature kar ka manta da mu." Matan unguwa suna miƙa wa Kaka zarensu suna cewa, "Ga na jikanki." Ita kuwa Kaka, da idonta da ya fara hazo, ta fi kowa kaɗi. Baba bai ce uffan ba, amma shi ma ban sa ran zai ce ba.

Ranar da malamin ya dawo, motar da ta ɗauko shi daga tashar jirgin Malam Madori ta kafe a taɓo. Ya iso a makare, ƙafar wandonsa jage-jage, yana ta duban agogo don a ranar yake son juyawa. Aka zauna a zaurenmu. Ga Baba, ga liman, ga dattawa, ga Sarkin Masaƙa, aminin Baba tun suna yara. Baffa ne kawai ba ya nan, ya tafi ƙauye sayen baba, ganyen da muke yin shuni da shi, ruwa ya tare shi a can. Ni ina bakin ƙofa cikin wankakkiyar riga, da ƙunshin zarurrukana a cinya.

Malamin ya ce, "To, Sarki, wa kuka tsayar?"

Baba ya sunkuyar da kai, ya shafa tabarma, ya ce, "Ai ga ɗan ɗan'uwana Sarkin Masaƙa nan, Malam. Yaro ne mai hankali, shi ma ya gama aji bakwai."

Ko gezau ban yi ba. Na san abin da ake yi, kara ce. Baba ba zai ce "ɗana" da bakinsa ba, balle ɗan fari. Zai miƙa wa amininsa, aminin ya ce, "Haba, Sarki, ina! Ai yaron gidanka ne ya sha wahalar abin nan," dattawa su ce haka ne, a shafa fatiha. Kara aikin mutum biyu ce, kowa a zauren ya san rabonsa a ciki. Duk idanu suka koma kan Sarkin Masaƙa.

Ya yi gyaran murya. Ya shafa gemu. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya bar zumunci."

Tirƙashi! Na dubi liman, liman yana duban carbinsa. Na dubi dattawan nan da suka yi wata da watanni suna kirana injiniya, kowa ya sami abin kallo a ƙafarsa. Su ma kara suke yi: wa zai buɗe baki ya ce wa dattijo ɗanka bai cancanta ba, a gaban baƙo?

Shi kansa malamin ya ji wani abu bai zauna daidai ba. Ya ce, "Wancan zuwan na ji ana cewa akwai wani saurayi a nan mai gwada rina ulu. Ɗan wane ne?"

Ga ƙofa an sake buɗe wa Baba, ba sai ya kira suna ba, ya nuna ni da haɓa ma ya isa. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Wasan yara ne dai, Malam."

Wasan yara! Malamin ya rubuta sunan ɗan Sarkin Masaƙa, ya sha ruwa, ya yi sallama. Ta gefena ya wuce, har rigarsa ta taɓa ƙunshina. In ka ce me ya hana ni magana, to ba ka san zamanin ba. Saurayi ya ƙaryata ubansa a zaurensa? Malamin da kansa zai ce ba ya son marar kunya a makarantarsa.

Kaka ce ta yi maganar da ta gagari maza. Baba ba ɗan farinta ba ne, don haka bakinta a sake yake a kansa. Ta tare shi a tsakar gida, ko mayafi babu, ta ce, "Da zarena za ka yi gwaninta? Zaren da na kaɗa da ragowar idona? Kai wa ya aike ka? In kunya kake ji ka yi shiru mana, ka ce a jira ƙanenka ya dawo!" Baba ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, magana ta riga ta fita." Ta ce, "Ta fita ta tafi gidan uban wa? Bi ta ka dawo da ita!" Bai bi ta ba.

Da Baffa ya dawo ya ji, ko kayansa bai sauke ba ya nufi gidan Sarkin Masaƙa. Abin da mutumin nan ya ce masa shi ne, "Ni ban roƙa ba, ba ni aka yi. In na mayar, ai na raina kyautar aminina." Ka ji fa. Da al'adar da ya taka a zaure, da ita ya kare kansa.

Ɗan nasa ba mugu ba ne, tare muka yi makaranta. Kafin ya tafi ya same ni ya ce wallahi shi ko warin karofi ba ya so, aikin ofis yake sha'awa, amma ba zai iya ce wa ubansa a'a ba. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya. Asusu kuwa, mata ne suka fara janye hannu, sannan marina. Aka dai lallaɓa aka biya masa, amma daga kansa ba a sake tara wa kowa ko curin zare ɗaya ba.

Ni kuma na bar karofi. Na fasa randar nan da taɓarya, na bi wasu masunta zuwa wajen Baturiya, na zauna ina taya su banda. Ina juya tarwaɗa a kan hayaƙi ina yi wa Baba faɗa a zuciyata, faɗan da ba zan iya yi masa a fili ba. Da a ce ƙina yake yi da abin ya zo min da sauƙi, sai in ƙi shi mu rabu. Amma na san yana sona. Na sha kama shi yana ɗaukar zaren da na shanya, yana jan sa ya ji ƙwarinsa, in ya ji motsina ya ajiye kamar ya taɓa wuta. Mutumin da ya san ƙwarin zaren nan da hannunsa shi ne ya ce wasan yara ne.

Da shekara ta zagayo sai ga Baffa har bakin ruwa. Ya ce, "Tashi ka wanke jikinka, Kaduna za ka. Na sami hali, ba sai da asusun kowa ba." Na ce daga ina? Ya ce, "Ba ruwanka. Ɗan wana ne kai ko ba ɗan wana ba?" Kaka ta ajiye ƙunshin zarurrukana, ashe, ba ta bari ko asu ya taɓa ba. Na ɗauka na hau jirgi a Malam Madori, karo na farko a rayuwata.

Na sami malamin a makarantar. Na kwance ƙunshina a kan teburinsa. Ya ɗauki zare ya ja, bai tsinke ba. Ya ɗauki wani ya ja, ya tsinke. Ya ce yaya na yi wannan, yaya na yi wancan? Na ce iri ɗaya na yi musu, abin da ya kawo ni ke nan. Ya dube ni ya ce, "Kai ne na wasan yaran?" Na ce ni ne.

Ya ja ni ɗakin gwaje-gwajen. Ya ɗauko wata 'yar siririyar takarda ya tsoma a ruwan toka, ta canza launi nan take. Ya ce ruwan toka ne ke cin ulu in ya yi ƙarfi, auduga kuwa ba ruwanta. Tokar yau da ta gobe ba ƙarfinsu ɗaya ba ko da mudu ɗaya ka auna, wannan takardar ce ke gaya maka. Tsamiyar da nake sawa kuma daidai ne, tana kashe ragowar tokar. Kafin shayin da aka kawo masa ya huce ya warware min abin da na yi shekaru ina lalube. Na dubi ɗakin nan, kwalabe jere har sama, kowace da abin da za ta gaya min, na ji ƙwalla ta cika min ido.

Sannan ya gaya min. An canza ƙa'ida: daga wannan shekarar sai mai takardar sakandare ake ɗauka. 'Yan aji bakwai, rukunin bara ne na ƙarshe. Ya shiga wajen shugabansu ya daɗe, ya fito yana girgiza kai. Ya ce, "Da bara ne, da hannu biyu zan karɓe ka. Me ya sa ba wanda ya gaya min?" Na ce kara aka yi. Ya ba ni 'yan takardun nan guda kaɗan a ambulan ya raka ni bakin titi.

Na dawo lokacin yankan shinkafa. Na sauka daga mota na yanko ta fadama don kada in bi ta kasuwa a yi ta tambayata. Muna da gona a bakin kogi, gadon kakanmu, wadda ambaliya ke kwanciya a kanta duk shekara ta bar mata taki. Da ita muke ci. Na tarar da wasu mutane a ciki da lauje. Na ce lafiya, wa ya sa ku? Babbansu ya ce, "Ai tamu ce, samari. Sarkin Marina ya sayar mana tun da rani, har da alƙawarin kar mu yayata." Ashe halin da Baffa ya samu ke nan.

Ban shiga gida ba. Na wuce karofi kai tsaye. Baba yana tsaye a bakin rami yana motsa rini da doguwar sanda, marina na kewaye da shi. Ban gaishe shi ba. Na ce, "Baba, ba su ɗauke ni ba, an rufe. Na kuma biyo ta gona." Sandar ta tsaya. Na ce, "Ashe fitar gona daga hannunka ya fi maka sauƙi a kan fitar sunana daga bakinka?"

Wani dattijo ya ce, "Kai, yaro! Ubanka ne fa!" Na ce na sani, ai shi ya sa.

Baba bai ɗago ba. Can ya ce, a hankali, "Da wane ido zan dubi mutane in na ce nawa?"

Na ce, "Da idon da kake duban su yanzu suna yanke maka shinkafa."

Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da mahaifina, ba mu kuma sake irinta ba. Gona ba ta dawo ba, don ba zai je ya ce a warware ciniki ba. A shekarar aka fara auno shinkafa daga kasuwa a gidanmu. Na koma rami, tunda ba ni da wata sana'ar. Takardun malamin na yi ta tsaga su biyu-biyu ina amfani da su, na rina wa masu hula ulu mai kyau har suka ƙare, kuma ban san inda ake sayar da su ba.

Ɗan Sarkin Masaƙa ya gama ya sami aikin akawu a can, bai dawo ba. Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, atamfa ta cika kasuwa, aka fara kawo rini na gwangwani. Mutanenmu suka yi ta zuba shi da ka, yana cin hannu, yana zuba a wankin farko, babu mai gaya musu ga yadda ake yi. Ramuka suka yi ta mutuwa ana cike su da shara. Ba na cewa da na yi karatun da na ceci karofi. Wataƙila da ni ma atamfar ta bi ta kaina. Amma da na gwada da ido a buɗe.

A cikin waɗannan shekarun Baba ya rasu. Ni ne babba, ni na zauna karɓar gaisuwa a zaure. Jama'a suka yi ta zuwa har daga ƙauyuka, kuma kusan kowa da labari ɗaya yake zuwa, kamar sun haɗa baki. Su riƙe hannuna su ce, "Allah ya ji ƙan Sarki. Mutum ke nan! Ya bar ɗan cikinsa ya ba ɗan wani. Ina za a sake samun mai kara irinsa?" Ni suke gaya wa. Ni! Liman ma da shi ya yi wa matasa nasiha, ya ce su yi koyi.

Can da hantsi sai ga Sarkin Masaƙa, ya tsufa tukuf, jikansa na riƙe da shi. Ya durƙusa da ƙyar, ya kama hannuna da nasa biyu, yana hawaye. Ya ce, "Ɗana, abin da mahaifinka ya yi min, har in mutu ba zan manta ba."

Maganar da na daɗe ina tanada masa ta taso har maƙogwarona. Zaure cike da mutane, kowa ya zuba min ido, dattijo ne, baƙona ne, kuka yake yi. Na ji bakina ya ce, "Ba komai, Baba. Allah ya bar zumunci." Har na matsa masa wuri a kan tabarma.